Kalmomin tsanani a harshen Japananci

Kalmomin tsanani a harshen Japananci rukuni ne na kalmomi masu kusancin ma'ana waɗanda Japanawa ke amfani da su wajen siffanta mutum, doka, bincike, tsaro, yanayi ko halin rayuwa da ba shi da sassauci. Mafi shahara a cikinsu ita ce kibishii (厳しい). Bayanta akwai genkaku (厳格), genmitsu (厳密), genjū (厳重) da gensei (厳正), waɗanda duk suka fara da harafi ɗaya, sai kuma kitsui (きつい) da shibia (シビア) na maganar yau da kullum. Ƙananan ƙamusoshin da ke fassara Japananci zuwa wasu harsuna sukan ba su fassara iri ɗaya, kuma a Hausa ma ana iya mayar da kusan dukkansu da "tsanani" ko "tsauri". Amma a bakin masu harshen, ba kowacce ke shiga gurbin 'yar'uwarta ba. Abin da ke raba su shi ne inda tsananin ya zauna: ko a jikin wanda ke ɗanɗana shi, ko a ƙa'idar da ba ta lanƙwasuwa, ko a awon da ba ya barin kafa, ko a tsaron da aka ninka, ko a hukuncin da ba ya duba fuska.

A rubutun boko da aka yi amfani da shi a nan, ɗan layin da ke kan wasali, kamar a genjū, yana nuna cewa ana jan wasalin. Ana furta harafin g kamar yadda ake furta shi a kalmar "gero".

Harafin da suka haɗa

Yawancin waɗannan kalmomi ana rubuta su da harafin kanji 厳, wanda Japan ta aro daga rubutun ƙasar Sin. Harafin yana da zane 17, kuma yara kan koye shi a aji shida na firamare. Tsohuwar siffarsa ita ce 嚴, mai zane 20. An sauƙaƙa ta ne a gyaran rubutun da aka yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnati ta fitar da jerin haruffa 1,850 na amfanin jama'a a 1946, sannan ta tsayar da siffofinsu a 1949. A babban yankin ƙasar Sin an sauƙaƙa shi ta wata hanya dabam, ya zama 严, ana karanta shi yán.

Harafin yana da karatu huɗu a jerin hukuma na yanzu. Biyu daga Sinanci suka zo, wato gen da gon, biyu kuma na asalin Japananci ne, wato kibishii da ogosoka. Karatun gon ya fi tsufa, kuma ya fi fitowa a kalmomin addinin Buddha, kamar Kegon (華厳), ɗariƙar da babbar cibiyarta ke wurin ibada na Tōdai-ji a birnin Nara. Ogosoka (厳か) kuwa tana nufin abu mai kwarjini da natsuwa, irin bikin da ake yi ba hayaniya. Ke nan tun asali harafin yana ɗauke da ma'ana biyu, tsanani da kwarjini. Ana ganin ta biyun a songen (尊厳), wato mutuncin ɗan Adam, da igen (威厳), wato haiba. Sunan tsibirin Itsukushima (厳島) na lardin Hiroshima, wanda wurin ibadarsa ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 1996, shi ma da wannan harafi yake farawa, da wani tsohon karatu da ba ya cikin jerin.

Akwai wani rabo da ya kamata a sani kafin a shiga ma'anoni. Kalmomin Japananci hawa uku ne: na asali da ake kira wago, na tushen Sinanci da ake kira kango, da na aro daga harsunan Turai da ake kira gairaigo. Kibishii da kitsui na asali ne, genkaku da 'yan'uwanta kango ne, shibia kuwa aro ce. Kalmomin kango sun fi yawa a doka, ilimi, jarida da takardun ofis, kusan kamar yadda kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci, irin su hukunci, adalci da ƙa'ida, suka fi yawa a shari'a da karatu. A nahawu ma sun bambanta. Kibishii da kitsui suna sauya ƙarshensu da kansu: kibishikatta ga abin da ya wuce, kibishiku idan ana bayyana yadda aka yi aiki. Sauran kuwa sai an ƙara musu na a gaban suna, ko ni a gaban aikatau, kamar genkaku na chichi da genkaku ni mamoru.

Kibishii

Kibishii ita ce mafi faɗi, kuma ita ce mai koyo ke fara haɗuwa da ita. A tsohon Japananci siffarta kibishi ce, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin ma'anoninta shi ne abu ya cunkushe ba kafa a tsakaninsa. Inuwar wannan ma'ana tana nan har yau, domin duk abin da aka kira kibishii abu ne da bai bar wa mutum wurin sakewa ba.

Idan ana maganar mutum, tana nufin wanda ke neman a yi daidai kuma ba ya kau da kai daga kuskure. Kibishii sensei malami ne mai tsanani, kuma faɗin haka ba lallai ya zama suka ba. Sau da yawa tsofaffin ɗalibai kan faɗi haka da godiya, har su haɗa ta da yasashii, mai kirki, a jimla ɗaya ba tare da an ji karo ba. Ana nuna wanda tsananin ke faɗa wa da 'yar kalmar ni: jibun ni kibishii shi ne mai tsananta wa kansa, jikan ni kibishii shi ne wanda ba ya wasa da lokaci. Kishiyarta a wannan fage ita ce amai (甘い), wadda ainihin ma'anarta "mai zaƙi". Uban da ke shagwaɓa 'ya'yansa amai ne, haka ma binciken da aka yi sama-sama. Akwai sananniyar suka da ake yi wa mutum cewa shi amai ne ga kansa, kibishii ga mutane, daidai da wanda Bahaushe zai ce laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango na wani.

Inda kibishii ta rabu da kalmomin kango shi ne tana aiki ko da babu doka, babu kuma mai zartar da ita. Sanyi yana zama kibishii, haka zafi. Zansho ga kibishii magana ce da ake ji kowace shekara, tana nufin zafin da ya ƙi tafiya bayan ranar da tsohuwar kalanda ta ce kaka ta shigo, wajen 7 ko 8 ga Agusta. Rayuwa tana zama kibishii idan albashi ba ya kaiwa ƙarshen wata, kasafin kuɗi yana zama haka idan ya yi kaɗan, gasa ma haka idan masu nema sun yi yawa. Fuska tana zama kibishii idan an murtuke ta. A harshen gwamnati kalmar ta zama ma'aunin halin tattalin arziki: rahoton wata-wata na Ofishin Majalisar Ministoci ya kira halin da ƙasar ke ciki a watan Afrilun 2020, farkon annobar korona, da kiwamete kibishii jōkyō, wato mawuyacin hali matuƙa.

Daga wannan ma'ana ta "mawuyaci" aka sami amfanin da ya fi ruɗa baƙi. A wurin aiki da kasuwanci, idan aka nemi a kawo kaya mako mai zuwa, sai mutum ya amsa da raishū wa chotto kibishii desu, kalma da kalma ya ce "mako mai zuwa da ɗan wuya". Abin da ake nufi a mafi yawan lokuta shi ne ba zai yiwu ba. Ƙi ne cikin ladabi, kamar yadda ake yi da muzukashii, mai wuya. Baƙon da ya ɗauke ta a matsayin "da wuya amma za a gwada" zai zauna jiran kayan da ba za su zo ba. Babu ko ɗaya daga cikin kalmomin kango da ke yin wannan aiki.

Genkaku da genmitsu

A kalmomin kango, harafi na biyu ne ke nuna hanya. A genkaku harafi na biyu shi ne 格, mai nufin mizani ko tsari. A genmitsu kuwa 密 ne, mai nufin abu mai kauri da ba shi da giɓi. Saboda haka genkaku tana magana ne kan rashin ɗaga ƙafa, genmitsu kuma kan bin diddigi.

Genkaku ta dace da mutum, gida, tarbiyya, da yadda ake zartar da doka. Genkaku na chichi uba ne mai tsauri, genkaku na katei gida ne da ake bin ƙa'ida sau da ƙafa. Bambancinta da kibishii a nan ɗan siriri ne. Kibishii chichi yana iya zama uba mai yawan faɗa ko mai neman sakamako mai kyau a makaranta, kuma kalmar tana fitowa ne daga bakin wanda ya ji a jikinsa. Genkaku na chichi kuwa mutum ne mai tsayayyen mizani na ɗabi'a wanda shi ma yake bi, kuma kalmar ta fi kama da bayanin mai rubuta tarihin rayuwa da ke kallo daga gefe. Ba a cewa sanyi genkaku ne, haka ma kasafin kuɗi da ya gaza, domin sanyi ba shi da ƙa'idar da yake tsarewa. A fannin shari'a ana samunta a genkaku sekinin (厳格責任), alhakin da ke hawa kan mutum ko kamfani ko da ba a tabbatar da sakaci ba, da kuma genkakuka (厳格化), wato tsaurara sharuɗɗa, kalmar da jaridu ke yawan sawa idan an ƙara matse ƙa'idar biza ko ta bashi.

Genmitsu ba ta siffanta halin mutum. In aka ce genmitsu na chichi, mai jin Japananci zai ji wani banbaraƙwai, kamar a ce da Hausa "uba mai filla-filla". Wurinta shi ne ma'ana, awo, lissafi da rarrabewa. Genmitsu na teigi bayanin ma'ana ne da bai bar shubuha ba. Genmitsu na shōmei hujjar lissafi ce da ba a tsallake ko mataki ɗaya ba. Kishiyoyinta su ne aimai, mai harshen damo, da ōzappa, na jimla-jimla. Inda aka fi jin ta shi ne a furucin genmitsu ni ieba, wato "in za a bi ƙwaƙƙwafi". Misali, ana iya cewa in za a bi ƙwaƙƙwafi Tokyo ba birni ba ne a tsarin mulki, domin an rushe hukumar birnin Tokyo a 1943 aka haɗe ta da lardin, kuma yau tsakiyarta gundumomi 23 ne na musamman, kowacce da shugabanta. A wannan furuci ba a sa genkaku, kuma kibishiku ieba tana da wata ma'ana dabam, wato "in za a faɗa ba sassauci", share fage ne na suka.

Fannin kwamfuta ya ba da misali mai kyau na yadda masu fassara ke raba su. A harshen shirya manhaja na JavaScript akwai abubuwa biyu da Turanci ya kira da kalma ɗaya. Na farko yanayi ne da ke hana wasu kurakuran rubutu da a da ake yafewa, kuma a takardun bayani na Japananci ana kiransa genkaku mōdo. Na biyu alamar kwatanci ce, wato ===, wadda ba ta yarda abu biyu daidai suke ba sai sun dace a ƙima da kuma nau'i, ita kuma ana kiranta genmitsu tōka. Na farko doka ce da ta daina ɗaga ƙafa, na biyu awo ne da ya daina kusantawa.

Duk da haka akwai fagen da suke haɗuwa. Ana cewa genkaku ni kubetsu suru, ana kuma cewa genmitsu ni kubetsu suru, dukkansu "rarrabewa sosai". Ta farko tana jaddada cewa ba a yarda a gauraya ba, kamar kuɗin ofis da na aljihu. Ta biyu tana jaddada cewa an shata iyakar daidai, kamar tsakanin nau'o'in tsiro biyu masu kama da juna. A irin wannan wuri masu harshen kansu sukan yi musanya ba tare da kowa ya ɗaga gira ba.

Genjū

Harafi na biyu a genjū shi ne 重, mai nufin nauyi, kuma mai nufin ninki. Kalmar ta shafi kariya daga haɗari: gadi, kulle, ajiya, naɗe kaya, sa ido. Genjū na keibi tsattsauran tsaro ne irin wanda ake yi a taron shugabannin ƙasashe. Genjū ni hokan suru shi ne a adana abu a kulle, kamar guba a ɗakin gwaji ko takardun jarrabawa. Hukumar kula da yanayi ta Japan tana kiran jama'a da su yi genjū na keikai, wato shiri da sa ido sosai, idan guguwar teku mai ƙarfi ta tunkaro. A harshen diflomasiyya kuma, genjū ni kōgi suru shi ne nuna rashin amincewa da kakkausar murya, furucin da ma'aikatar harkokin waje da kakakin gwamnati ke yawan yi.

Akwai furuci ɗaya da fassararsa ke yawan ɓatar da mai karanta labaran Japan, wato genjū chūi (厳重注意). A zahiri yana nufin "gargaɗi mai tsanani", kuma wanda ya ji shi zai zaci babban hukunci ne. A tsarin aikin gwamnati ba haka ba ne. Dokar ma'aikatan gwamnatin ƙasa ta 1947, a sashe na 82, ta lissafa hukuncin ladabtarwa iri huɗu: menshoku, kora daga aiki, teishoku, dakatarwa, genkyū, rage albashi, da kaikoku, tsawatarwa a hukumance. Genjū chūi ba ya cikinsu. Jan kunne ne na cikin gida da ke ƙasa da dukkan huɗun. Don haka idan jarida ta ce an yi wa jami'i genjū chūi, abin da mai karatu a Japan ke fahimta shi ne an sassauta masa, kuma ba safai ake rasa masu ƙorafin cewa hukuncin amai ne ba. (Gen ɗin da ke cikin genkyū ba wannan harafin ba ne, 減 ne mai nufin ragewa. Sautin ne kawai ya zo ɗaya.)

Gensei

Gensei ita ce mafi ƙunci a cikinsu. Harafinta na biyu, 正, yana nufin daidai, kuma kalmar tana nufin hukunci ko zaɓe da aka yi ba sani ba sabo. Kamfanin da ya raba kyauta ta hanyar ƙuri'a zai rubuta cewa an fitar da masu nasara bayan gensei na chūsen. Gensei chūritsu cikakkiyar tsaka-tsaki ce. Jami'an gwamnati da 'yan sanda kan yi alkawarin gensei ni taisho suru, wato za a bi da lamarin bisa doka ba tare da duba wane ne ba. Ba a kiran uba ko malami gensei don halinsa, sai dai a kira hukuncin da ya yanke.

Hanya mafi sauƙi ta ganin bambancin ita ce a ɗauki suna ɗaya a jera masa sifofin. Shinsa (審査) tana nufin tantancewa, kamar ta masu neman aiki, bashi ko gurbin karatu. Kibishii shinsa tantancewa ce mai wuyar tsallakewa, kuma maganar mai nema ce. Genkaku na shinsa ita ce wadda ba a yi wa kowa rangwamen sharaɗi ba. Genmitsu na shinsa ita ce wadda aka duba kowace takarda filla-filla. Gensei na shinsa ita ce wadda ba a fifita ɗan gida ba, shi ya sa ita ce ake samu a wasiƙar da ke sanar da mutum cewa ba a ɗauke shi ba. Tantancewa tana iya zama gensei ba tare da ta zama kibishii ba, in an yi adalci amma sharuɗɗan masu sauƙi ne. Haka kalmar kanri (管理), kulawa: genjū na kanri kulle ne da mabuɗi, genmitsu na ondo kanri kuwa tsare zafi ne a daidai ma'aunin da ake so.

Kitsui, shibia da na maganar baka

Kitsui asalinta matsi ne da jiki ke ji. Takalmin da ya matse ƙafa kitsui ne, haka gangaren da ke sa haki, warin da ya buwayi hanci, da barasa mai ƙarfi. Kishiyarta ita ce yurui, sako-sako. Daga nan ta wuce zuwa aiki mai gajiyarwa. A ƙarshen shekarun 1980 aka fara kiran wasu ayyukan ƙarfi da matasa ke gudu da laƙabin 3K, daga farkon kalmomi uku: kitsui, kitanai mai ƙazanta, da kiken mai haɗari.

Idan aka ɗora ta a kan mutum, kitsui suka ce kusan ko da yaushe. Kitsui iikata magana ce mai zafi da ke sosa rai. Wanda aka ce halinsa kitsui ne, mai kaifin baki ne. Nan ne bambancinta da kibishii ya fi muhimmanci. Kibishii sensei yana da mizanin da yake son ɗalibi ya kai. Kitsui sensei bakinsa ne ke da ciwo, ko da mizani ko babu. Haka a wasanni: kibishii renshū atisaye ne da mai horarwa ba ya yarda da wasa a cikinsa, kitsui renshū kuwa shi ne wanda ƙafafu ke rawa bayansa. Ɗalibin da ya so yabon malaminsa ya ɗauko kitsui a maimakon kibishii ya zage shi bai sani ba.

Shibia an aro ta ne daga kalmar Turanci severe, amma ta ɗauki nata launi. Tana nufin kallon abu da idon da ba ruwansa da tausayi, musamman a harkar kuɗi da gasa. Okane ni shibia na hito mutum ne da ba ya barin ko sisi ya wuce ba lissafi, ba don rowa ba lallai. Shibia na sekai fage ne da sakamako kaɗai ke magana a cikinsa, kamar wasan ƙwararru. Ba a cika sa ta a maganar tarbiyyar gida ba. A fannin nukiliya kalmar ta riƙe ma'anarta ta asali: shibia akushidento shi ne haɗarin da ya wuce abin da aka tsara tashar ta jure, kuma jama'a sun san furucin sosai bayan haɗarin tashar Fukushima Daiichi a watan Maris na 2011. Takwaransa na kango shi ne kakoku jiko. Ita kakoku (過酷) tana nufin tsananin da ya wuce kima, irin na aikin bauta ko hamada, kuma ba ta taɓa zama yabo.

Sauran ba su da faɗi sosai. Tekibishii (手厳しい) ta fi tafiya da suka da martani, wato wanda aka yi ba ragi. Karai (辛い), wadda ke nufin yaji, ana amfani da ita ga malamin da ke ƙyashin maki, kishiyar amai kai tsaye, kuma sharhin da ba ya ragawa ana kiransa karakuchi, mai yajin baki. Urusai da yakamashii, waɗanda asalinsu hayaniya ce, suna nufin mai mita a kan abu: jikan ni urusai shi ne wanda ba ya gajiya da ƙorafin makara, amma aji ni urusai kusan yabo ne, wato wanda ya san ɗanɗanon abinci ba a yi masa algus. Akwai kuma suparuta, daga sunan birnin Sparta na tsohuwar Girka, ga horo mai tsananin gaske. Ishihara Shintarō, marubucin da daga baya ya yi gwamnan Tokyo daga 1999 zuwa 2012, ya fitar da littafi mai suna Suparuta Kyōiku a 1969 kan tarbiyyar yara.

A alluna, wasiƙu da labarai

Harafin 厳 yana haɗuwa da wasu haruffa ya ba da gajerun kalmomi da baƙo zai gani tun kafin ya iya jimla. Genkin (厳禁) hani ne mai ƙarfi: kaki genkin a gidan mai da ma'ajiyar sinadarai yana hana kusanto da wuta, dosoku genkin a ƙofa yana hana shiga da takalmi. Ana bukatar kula, domin genkin da aka rubuta 現金 tsabar kuɗi ce. Genshu (厳守) kiyayewa ce ba saɓawa, kamar jikan genshu a takardar gayyata da himitsu genshu a tallan lauyoyi da asibitoci, wato za a riƙe sirri. Gensen (厳選), zaɓaɓɓe da kyau, ta cika jikin kwalayen abinci har ta kusa rasa nauyinta. Wasiƙar ladabi ta watan Janairu tana iya buɗewa da genkan no kō, "a wannan lokaci na tsananin sanyi". Genpu (厳父), uba mai tsauri, ana haɗa ta da jibo (慈母), uwa mai tausayi, kuma ana amfani da ita a matsayin girmamawa ga mahaifin wani.

A labarai ana yawan ganin genbatsuka (厳罰化), wato ƙara tsananin hukunci. An yi amfani da ita sosai a muhawarar gyaran dokar yara masu laifi na 2000, wanda ya sauko da shekarun da za a iya gurfanar da yaro a kotun manya daga 16 zuwa 14, da kuma lokacin da aka ƙirƙiri laifin tuƙin ganganci da ya jawo mutuwa ko rauni a 2001. Genkai taisei (厳戒態勢) shirin ko-ta-kwana ne na jami'an tsaro. In aka juya haruffa biyun farko aka sami kaigen, sai ma'ana ta koma mulkin soja na dokar ta-ɓaci, kaigenrei (戒厳令), wanda aka shimfiɗa a Tokyo bayan girgizar ƙasar Kantō ta 1923 da kuma lokacin yunƙurin juyin mulki na 26 ga Fabrairun 1936.

Dokokin makaranta, kōsoku, a al'ada ana kiransu kibishii idan sun yi yawa, kuma wasu iyaye na ɗaukar hakan alamar makaranta mai tarbiyya. Da aka fara ganin wasu dokokin sun wuce gona da iri, ba a nemo wata kalmar tsanani ba, sai aka ƙirƙiri burakku kōsoku, "baƙaƙen dokoki". Furucin ya bazu bayan wata ɗaliba a lardin Osaka, wadda ta ce gashinta na asali ruwan ƙasa ne, ta shigar da ƙara a 2017 kan tilasta mata rina shi baƙi. A 2021 kotu ta umarci lardin ya biya ta yen 330,000 kan yadda aka bi da ita bayan ta daina zuwa makaranta, amma ta ce dokar gashin kanta ba ta saɓa wa doka ba.

A maganar addini ma zaɓin kalma yana da tasiri, kuma wannan ya shafi Musulmi da Kiristocin da ke zaune a Japan ko ake rubutu a kansu. Kairitsu ga kibishii na nufin dokokin addinin suna da wuyar bi, kuma yawanci kallon na waje ne. Genkaku na shinja mabiyi ne da ke kiyaye hukunce-hukunce ba rangwame, a abinci, sutura da lokutan ibada. Wanda ake so a ce mai tsoron Allah ne kuwa, kalmarsa ba ta cikin wannan rukuni gaba ɗaya: keiken na (敬虔な) ake cewa, kuma ita ce mai fassara zai ɗauko idan nassin da ke gabansa yana yabon taƙawar mutum ne, ba tsaurinsa ba.